Lomar Atishok da Ta Tsaya wa Inna a Wuya

Shekaru sun tura, yarana sun girma, mun ma daɗe da tashi daga gidan da abin ya faru, amma ranar da loma ɗaya ta kusa raba ni da mahaifiyata a Greensboro ba zan manta da ita ba har in koma ga Mahaliccina. Har yau in na ji tsoho ya yi tari a kan abinci, sai in zabura in nufi wurinsa.

Ni 'yar Maraɗi ce, aure ne ya kawo ni Amurka. Maigidana direban kamiyo ne, wato babbar motar ɗaukar kaya, irin waɗanda in sun fita sai a yi kwanaki ba a gan su ba. Ni kuma aikina kula da tsofaffi a gidajensu. A lokacin da nake ba ku labari, muna zaune a gabashin gari, ba nisa da jami'a, ina tuƙi kowace safiya zuwa Summerfield wurin wata tsohuwar Baturiya mai gida a tsakiyar fili, da dawakai a bayan gidan. A wurinta na fara ganin abin nan da ake kira atishok. Mu da muka yi lakwal, wato makarantar boko, mun san sunansa a littafin Faransanci, amma ban taɓa riƙe shi a hannu ba sai a kicin ɗinta. Wani dunƙulallen ganye ne kamar girman dunƙulen hannun namiji, ganyayyakinsa masu kauri sun hau kan juna kamar ɓawon kifi, kowanne da 'yar ƙaya a bakinsa. A gaskiya fure ne da aka tsinke kafin ya buɗe.

Tsohuwar nan tana son sa kamar me. Tana zaune a kujerarta mai taya tana nuna mini da yatsa, ni kuma ina yi, har hannuna ya saba. Tun ina yi mata don dole, har na wayi gari ni ma ina marmarinsa.

A shekarar ce Allah ya yi Inna ta samu biza ta zo wurinmu. Ba da sauƙi ta zo ba. Yayyena maza ba ni da su, ni ce 'yar fari, amma ƙannena maza sun tsaya kai da fata cewa ba za ta je ba. Wanda ke bi mini ya ce da ni a waya, “Yaya, tsohuwa ce fa, ga ciwon suga. In wani abu ya same ta a can, wa zai tsaya a kanta? A wace ƙasa za a sa ta?” Na ce masa ajali ba ya tambayar ƙasa, kuma likitocin nan za su duba ta fiye da yadda ake duba ta a gida. Daga ƙarshe suka sakar mini ita, amma da sharaɗin amana ce a wuyana.

Inna ta zo, ta ga jikokinta, ta yi murna, amma abincin ƙasar ya ƙi ta. Kaza ta ce kamar auduga take taunawa. Madara ta ce ruwa ne aka shafa wa alli. Kullum zancenta zogale da rama da yakuwa. Likita kuwa ya ce a rage mata tuwo da shinkafa, a yawaita ganye. Sai ta riƙa ramewa a gabana, ni kuma hankalina ya ƙi kwanciya. Ranar wata Juma'a ina dawowa daga aiki na tsaya kanti, na ga an jibge atishok sabo, kore shar, ganyensa a matse. Na ce a raina, bari in gwada mata wannan, ko Allah zai sa ta karɓa.

Washegari Asabar. Lokacin nan ne da ƙurar furanni ke sauka ta rufe motoci da launin ɗorawa, kowa na atishawa. Maigida yana kan hanya, yara an kwashe su zuwa makarantar Alƙur'ani, ba za su dawo ba sai la'asar. Daga ni sai Inna a gidan. Ta jawo kujera ta zauna a bakin kicin da carbinta, tana kallon abin da zan yi.

Na ɗauko atishok ɗin, na datse ƙasan sandar da ke gindinsa, na fere ta. Na sa wuƙa mai kaifi na yanke kan. Na ɗauko almakashi na bi ganyen ɗaya bayan ɗaya ina cire ƙayar. Duk inda na yanka sai in goga lemun tsami, don in ba haka ba nan da nan yake baƙi. Inna ta kalli tulin da na tara zan zubar, ta kalle ni.

“Ke, wannan duk zubarwa za ki yi?”

“Ba a cin sa, Inna.”

“To me aka saya ke nan? Abin da aka zubar ya fi abin da aka bari.”

Na yi dariya. Inna ta ga yunwa da idonta tun tana budurwa, shekarar da aka ci dusa aka tona gidan tururuwa. Ko ƙwayar shinkafa ta gani a ƙasa sai ta tsince ta.

Na zuba ruwa a tukunya da gishiri da tafarnuwa da ɓawon lemun, na ɗora madambacin da na zo da shi daga gida, na jera su a ciki na rufe. Turara shi ake yi kamar dambu. Ana gane ya nuna in an ja ganye ɗaya ya fita ba gardama. Kafin ya nuna na narka man shanu kaɗan, na barbaɗa masa yajin ƙuli, na matsa lemu. Ƙamshin ya sa Inna ta ɗan gyara zama.

Muka shimfiɗa tabarma a falo, don ita ba ta cin abinci a kan tebur. Na nuna mata yadda ake yi: a cire ganye, a tsoma gindinsa a man, a sa tsakanin haƙora a ja, ɗan naman da ke jiki ya fita, a yar da sauran. Ta gwada. Ta juya shi a baki, sannan ta ce, “Ba laifi. Kamar ɗanyen wake, kamar gwaza.” A bakin Inna, “ba laifi” yabo ne babba. Daɗi ya kama ni. Ta ci gaba da cirewa tana ja, tana mitar cewa wannan ba ci ba ne, lasa ce, kuma duk wanda ya ƙirƙiro cin abin nan bai taɓa kwana da yunwa ba.

Ga abin da ya kamata mai karatu ya sani. In an gama da manyan ganyen, ana isa ga wasu ƙanana masu laushi, bakinsu ja-ja, su ma da 'yan ƙayoyi. A ƙarƙashinsu akwai wani gashi cunkus, fari, kamar ƙaiƙayin gero. Wannan gashin ba a cin sa ko kaɗan, da cokali ake kankare shi a zubar. A ƙarƙashinsa ne ainihin abin yake, wani faifan nama mai laushi wanda saboda shi ake duk wannan wahala. Niyyata in ta iso wurin in karɓa in gyara mata da hannuna, kamar yadda nake yi wa tsohuwar wurin aikina. Sai na ga ban kawo cokali ba, ruwan sha ma ya ƙare a kofi. Na ɗauki kofin, na tashi na shiga kicin.

Ban daɗe ba. Wallahi ban daɗe ba. Na ɗauki cokali, na buɗe firigo zan ɗauko ruwan sanyi, sai na ji wani irin tari daga falo, ba irin wanda na sani ba, kamar ana jan tsohuwar ƙofa. Na leƙo. Ashe Inna ta iso tsakiyar abin, ta ga laushi, ta sa yatsu ta tattaro ƙananan ganyen da gashin gaba ɗaya, ta mulmula kamar lomar tuwo, ta tsoma a mai, ta haɗiye. Haka ta saba ci tun tana yarinya, tuwo ba a tauna shi.

“Inna, ƙwarewa kika yi? Yi tari, yi tari da ƙarfi!”

Ta yi, ta sake yi, idanunta suka kawo ruwa. Ta ɗaga mini hannu alamar in bar ta, ba komai. Ta miƙa hannu wajen kofin da ke hannuna, na hana, don an koya mana ba a ba wanda ya shaƙe ruwa. Sai tarin ya fara ƙanƙancewa. Ya koma wani siririn fito. Daga nan ya ɗauke ɗif.

Ban taɓa jin shiru mai ban tsoro irin wannan ba. Bakinta a buɗe, ƙirjinta na ɗagawa, amma ba abin da ke shiga. Ta kama wuyanta da hannu biyu. Carbin ya zame ya faɗi cikin kwanon man. Ta kafe ni da ido, irin kallon da yaro ke yi wa uwa in ya faɗa ruwa, ni kuma ga ni tsaye da cokali a hannu.

Na fizgo waya na buga lambar gaggawa. Wata mata ta ɗauka tana tambayata me ya faru, ina ne adireshi. Turancin da nake aiki da shi kullum ya gudu ya bar ni. Na ji bakina yana zuba Hausa da Faransanci a cakuɗe, ina cewa uwata, uwata, ba ta numfashi. Lambar gidana da nake rubutawa kullum ta ɓace mini. Na ruga bakin ƙofa na buɗe na kurma ihu, ban ma san me na ce ba.

Allah ya sa maƙwabciyata tana gida. 'Yar Jos ce, Kirista, ta girme ni, Anti muke ce mata. Ita ce kaɗai a layin da Inna ke samun hira da ita, kullum da safe suna gaisawa da Hausa ta saman shinge. Ranar tana murza cincin da za ta kai coci, sai ga ta da gudu ba takalmi, hannuwanta fari fat da fulawa. Kallo ɗaya ta yi wa Inna ta fizge wayar daga hannuna, ta faɗa wa matar adireshi, sannan ta juyo kaina.

“Ba an koya muku wannan a wurin aiki ba? Yi mata mana!”

An koya mana. Mun yi ta gwadawa a jikin mutum-mutumin roba, har da takardar shaida. A sunkuyar da mutum, a buge shi da tafin hannu tsakanin kafaɗu da ƙarfi. In bai fita ba, a rungume shi ta baya, a dunƙule hannu a saman cibiya, a fizga ciki da sama. Na sani sarai. Na ɗaga Inna tsaye, na sunkuyar da ita, na ɗaga hannuna sama.

Hannun ya ƙi sauka.

Wanda bai tashi a gidajenmu ba zai yi wuya ya gane wannan. Ni 'yar fari ce. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, “ke” ce ko “yarinyar nan”. Ban taɓa zama na jingina da ita ba tun da na yi wayo. Ranar da na taro ta a filin jirgi, bayan shekaru ban gan ta ba, durƙusawa na yi na gaishe ta, ta ce “kin yi ƙiba”, shi ke nan. Ko ido ba na haɗawa da ita in tana magana. Yau kuma a ce in ɗaga hannu in dake ta? Sai na ji ina ɗan bubbuga bayanta a hankali, kamar mai lallashin jariri.

Anti ta daka mini tsawar da har yau nake jin ta a kunnena. “Ke! Ki dake ta! Kunya za ki ji ko gawa za ki ɗauka? Dake ta na ce!”

Na dubi fuskar Inna ta gefe. Leɓɓanta sun fara canza launi, sun yi toka-toka. Jikinta ya fara nauyi a hannuna. A wannan ɗan lokacin na ga komai: na ga ni ina kiran ƙanena, na ga maƙabartar da ba ta san kowa a cikinta ba, na ga ana cewa a Maraɗi ai 'yarta ce ta kai ta ta ba ta wani ganyen Turawa. Na ce bismillahi, na rufe ido, na sauke hannu da iyakar ƙarfina.

Ƙarar dukan ta cika falon. Na sake, na sake. Ba abin da ya fito. Anti tana riƙe da waya a kunne tana maimaita mini abin da matar ke faɗa, tana haɗawa da nata: “Yesu, ka taimake mu. Ta ce ki matsa cikin yanzu. Mama, ki daure, Mama!” Ni kuma ina ta Ya Hayyu Ya Ƙayyum. Na zagaya na rungume Inna ta baya. Ashe haka ta ƙanƙance. Duk matar nan da nake gani kamar dutse, hannuna ya zagaye ta har da saura, ƙasusuwanta kamar na tsuntsu. Na dunƙule hannu na fizga. Shiru. Na sake fizga, ƙafafunta suka bar ƙasa. Kanta ya langaɓe gaba, ɗankwalinta ya faɗi, furfurarta ta bayyana. Na ce shi ke nan, ta tafi. Na tattara abin da ya rage mini na fizga, na ji wani abu ya yi ƙas a ƙarƙashin hannuna, sai ga wani curi kore ya yi tsalle daga bakinta ya faɗa kan tabarma.

Sai ta ja numfashi. Wani mummunan sauti ne, kamar ana yaga tsumma, amma ban taɓa jin abin da ya kai shi daɗi ba. Muka zube tare a ƙasa, tana jikina, ban sake ta ba.

Tsoron bai ƙare a nan ba. Numfashin yana fita da fito, tana tari ana ganin ɗigon jini, kuma duk tarin da ta yi sai ta dafe haƙarƙarinta ta runtse ido. Ga jiniya ta cika layin, motar kashe gobara ce ma ta fara isowa kafin ambilans. Maza ƙarti suka shigo da takalmansu har kan tabarma. Inna da ko magana ba ta iya yi, sai lalube take tana neman abin rufe kai. Anti ce ta lura, ta ɗauko ɗankwalin ta ɗaura mata, ta bar mata shatin fulawa a goshi.

A cikin ambilans an sa mata abin iska a fuska, ni ina gefe ina kallon ƙirjinta, in ya ɗaga in ce alhamdulillahi, in ya sauka in riƙe nawa numfashin har sai ya sake ɗagawa. A asibiti suka zura mata wani siririn abu mai fitila ta hanci, suka ciro sauran gashin da wata 'yar ƙaya da ta kafe a maƙogwaro. Hoto kuma ya nuna ƙashin haƙarƙari ɗaya ya tsage. Da likitar ta faɗa mini, sai na fashe da kuka a gabanta, na ce ni ce na karya ta. Ta dafa kafaɗata ta ce ƙashi yana ɗinkewa, kuma da na tausaya mata wajen matsawa, da yanzu wani zancen muke yi ba wannan ba.

Duk da haka na kasa shiga ɗakin da aka kwantar da ita. Na tsaya a bakin ƙofa ina jin nauyi, kamar wadda ta yi sata. Da me zan kalle ta? Anti, da ta biyo mu a motarta, ita ta tura ni ciki. Na durƙusa a gefen gadon, kaina a ƙasa, na ce, “Inna, ki gafarce ni.”

Muryarta ta dishe, da kyar take fita. Can ta ce, “Ashe hannunki da nauyi haka.”

Na ɗago. Murmushi take yi. Ta miƙo hannu ta dafa kaina, ta bar shi a wurin. “Tashi. Wanda ya fizgo ka daga rijiya ba ka ce masa ya ja maka hannu da zafi. Allah ya yi miki albarka.”

Da yamma na kira ƙanena. Na gaya masa komai ban rage ba. Sai na ji yana jan hanci. Ya ce, “Yaya, da a gabana abin ya faru, wallahi ruwa zan ba ta in tsaya ina salati.” Bai ƙara ko kalma ɗaya ta zargi ba.

Makonnin da suka biyo baya ni ke tayar da ita, ni ke zaunar da ita, ni ke shafa mata magani a gefen ƙirji, don ko hannu ba ta iya ɗagawa sosai. Da farko kowa na kawar da kai. A hankali muka saba, har ta kai in ina shafawa tana ba ni labarin ƙuruciyarta, abubuwan da ban taɓa ji ba. Matan garinmu da ke nan suka yi ta zuwa dubiya da kwanonin fura da kunu, ita kuma kowa ya zo sai ta ce, “Wani ganye ne mai ƙaya ya so ya kai ni lahira, yarinyar nan ta ce ba ta yarda ba.” Ta warke sarai, ta koma Maraɗi da ƙafarta, ta ƙara shekaru masu albarka kafin Allah ya karɓi abarsa, a ɗakinta, cikin 'ya'yanta.

Abin da wannan rana ta koya mini bai tsaya a kicin ba, ko da yake daga nan ya fara. Baƙo makaho ne ko da idonsa biyu, in ka ajiye masa abincin da bai sani ba, ka nuna masa har ƙarshe kafin ka juya baya. Wanda kuma ya samu damar koyon yadda ake ceton wanda ya shaƙe, ya koya, don ba a san a kan wa za ta faɗo ba. Babban darasin kuwa shi ne, kunya adon ɗiya ce, kuma har gobe ina koya wa 'ya'yana ita, amma ba a yi ta don ta tsaya tsakanin mutum da ran mahaifiyarsa ba. Na tashi ina ganin biyayya ita ce sunkuyar da kai da naɗe hannu. A ranar na gane akwai lokacin da duk biyayyar da ɗa zai yi wa uwarsa tana cikin ƙarfin damtsensa.